Yadda ake sake wa tsohon jirgin ruwa fenti ba tare da ka zuba kuɗinka a kogi ba

Toh jama'a, bari in fara da abin da ya same ni don kar wani ya maimaita. Jirgin gidanmu na katako ne, irin dogayen nan da ake ɗaura wa injin Yamaha a baya suna jigilar mutane da buhuna tsakanin Yelwan Yawuri da ƙauyukan bakin Kainji, tsohonmu ne ya bar mana shi. Shekarar da na fara karɓar ragamarsa sai na ga ya koɗe ya yi wani fari-fari kamar an barbaɗa masa toka, ni kuma ga bikin Rigata na tseren jirage na matsowa ina so a gan mu fes, sai kawai na shiga kasuwa na ce wa wani mai shago ya ba ni fenti mai kyau na jirgi, ya miƙo min galan uku na gilos irin wanda ake shafa wa ƙofa da taga ya ce wallahi ko teku ka shiga da shi ba abin da zai yi. Muka janyo jirgi da safe, yara suka goge shi da tsumma, kafin la'asar mun gama, jibi muka mayar ruwa. Wata biyu bai cika ba fentin ƙasan ya fara kumbura yana ɓarewa kamar fatar maciji, ka sa yatsa ka ja ya biyo ka. Ban ga laifin mai shago sosai ba, shi sayarwa ya fito yi, ni ne ban san me nake nema ba.

Abin da na koya daga baya shi ne shafa fentin kansa shi ne ƙaramin aiki a ciki, 'yan kwanaki ne. Babban aikin yana gabansa, kankara da wanki da busarwa da duba katako. In ka ji mai fenti ya ce zai gama maka tsohon jirgi a yini ɗaya, ka yi masa godiya ka nemi wani.

Farko dai a fito da jirgi daga ruwa a ɗora shi a kan gungume ko tsofaffin tayoyi yadda iska za ta riƙa ratsawa ta ƙasa, kar a ajiye shi a kan danshin yashi kai tsaye don ƙasan ba zai taɓa bushewa ba. Kuma a wanke shi a ranar da aka fito da shi, tun gansakukar tana da laushi, in ta bushe a jiki sai ta koma kamar siminti ka yi ta fama. Buroshi mai tauri da omo da ruwa mai yawa. Cikin jirgi wajen injin nan inda fetur da baƙin mai ke zuba shekara da shekaru, da inda ake jibge kifi, nan ne ya fi buƙatar wanki, sau biyu sau uku ma, domin fenti ba ya kama maiƙo ko da na nawa ne. Akwai masu shafa wa katako baƙin man inji da aka juye wai don kar ya sha ruwa, dan Allah a daina, yana gurɓata ruwan da muke kamun kifi a ciki muke kuma sha, sannan duk katakon da ya sha shi ka manta da maganar fenti a kansa.

Sai busarwa. Wannan waje ne da ake samun saɓani ko tsakanin kafintocin jirgi. Katako mai danshi in ka rufe shi da fenti, rana na bugawa ruwan cikin zai nemi hanyar fita ya ɗago fentin, abin da ya same ni kenan. Masu na'urar auna danshi suna neman ya sauko wajen kashi 15 cikin 100 ko ƙasa da haka, mu da ba mu da na'ura ga dabara: ka manna leda mai faɗin tafin hannu biyu a jikin katakon da salatif ka rufe gefunan ruf, ka bar ta kwana, in da safe ka ga gumi a cikinta to da saura. Amma kuma kar ka ce tunda bushewa ake so bari in bar shi wata biyu a tsakar ranar bazara, a'a, allunan za su tsuke, haɗin ya buɗe har ka riƙa hango haske ta ciki, jirgin sassaƙa kuwa na gungume ɗaya tsagewa yake yi daga kai. A yi masa rumfa ta zana ko tamfol, inuwa da iska ake so. Sati biyu zuwa uku yawanci ya isa in lokacin rani ne.

Maganar lokaci, ni a ganina bayan ɗaukewar damina ya fi, wajen ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba kafin ƙurar hunturu ta yi ƙarfi. Da damina iska jiƙe take, takardun kamfanonin fenti da yawa suna cewa kar a shafa in danshin iska ya haura kashi 85, ga hadari zai iya tasowa ana tsakiyar aiki. Da hunturu bushewa ba matsala amma ƙura za ta manne a ɗanyen fenti ya fito kamar sanfefa, in dole sai lokacin za ka yi to ka yayyafa ruwa a ƙasa kewaye da jirgin kuma ka kare ɓangaren da iska ke tahowa. Da bazara kuma katako ko ƙarfe na yin zafin da fenti ke bushewa a bakin buroshi tun bai kwanta ba. Kowane lokaci ne dai, ka fara bayan raɓa ta ɗauke wajen ƙarfe tara, ka tsaya kafin rana ta take, kar kuma ka shafa dab da magariba don raɓar bakin kogi za ta sauka a kai ta kashe masa ƙyalli.

Yanzu ga wajen da nake so a tsaya a nutsu. Kafin ka sayi ko gwangwani ɗaya ka ɗauki sukundireba ko tsinin wuƙa da ƙaramar guduma ka bi jirgin nan allo bayan allo. Ka ƙwanƙwasa, lafiyayyen katako ƙara yake yi tangaran, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum kamar ka bugi kabewa. Ka soka tsini a gindin haƙarƙarin jirgi, da kewayen kowace ƙusa, da allon baya inda inji ke rataye wanda shi ya fi shan wahala saboda girgiza, da ƙasan benci inda ruwan sama ke kwanciya. In tsini ya shige ba gardama, wannan allon ya gama aiki, a cire shi a sa sabo, madaci ko loko in da hali. Kusoshin da suka yi tsatsa suka bar baƙin zobe a katako a zare su a sa masu rufin zin, wato waɗanda ba sa saurin tsatsa. Na sha ganin mutum ya cusa foti, abin nan na cike rami kafin fenti, a ramin ruɓa ya shafe da shuɗin fenti ya yi kyau a ido, wannan kitso da ƙwarƙwata ne, kuma rayukan mutane ake ɗauka a kai. Ba wanda ya manta da jirgin da ya tarwatse a kusa da Warrah ta ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayun 2021 da mutum fiye da 150 a ciki, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Tun daga lokacin ni dai in na ga sabon fenti a tsohon jirgi sai na leƙa cikinsa tukuna kafin in yaba.

In katako ya tabbata lafiya, sai tambaya ta gaba: wane irin fenti ne a jiki yanzu? Don ba kowane ke hawa kan kowane ba. Ka jiƙa tsumma da tina mai ƙarfi, wato ruwan sirka fenti, ko ɗan'uwanta asiton ka ɗora a wani lungu minti biyar zuwa goma. In fentin ya yi laushi ko ya yamutse ko launinsa ya biyo tsumman, to mai gwangwani ɗaya ne, wato fentin mai. In ko gezau bai yi ba to mai haɗi biyu ne, wato wanda sai an haɗa gwangwani biyu kafin a shafa. Ƙa'idar ita ce fentin mai zai iya hawa kan mai haɗi biyu in an goge da sanfefa, amma mai haɗi biyu ba ya hawa kan fentin mai, sinadarin cikinsa zai cinye na ƙasan ya tattare shi kamar fatar tsohuwa. In kuma tsumman ya fito baƙi ko ruwan ƙasa yana warin titi, kwalta ce, ita kuma duk farin fentin da ka ɗora mata sai ta huda ta fito, ko dai ka ci gaba da kwalta a wajen ko ka kankare ta tas. Akwai gwaji na biyu mai sauƙi, ka tsaga fentin da reza layi-layi a gicciye kamar gidan dara, ka manna salatif ka fizge, in ya taho da ɓarɓashi da yawa tsohon fentin ba ya riƙe da komai, sai an sauke shi gaba ɗaya. In bai taho ba ba sai ka wahalar da kanka ba, ka kankare inda ya ɗago kawai ka goge sauran.

Wajen kankara a yi hattara da ƙura. Tsofaffin jirage musamman na ƙarfe ana yi musu shimfiɗa, wato fentin farko da ake ɗora sauran a kai, da wani jan fenti mai ruwan lemo wanda dalma ce a cikinsa, har wasu fentin mai na gida ma akwai dalma. Mu 'yan arewa mun san abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu sanadin ƙurar duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Gubar ɗaya ce. Don haka a goge da ruwa, wato sanfefar ruwa ana yi ana jiƙawa, a sa takunkumi na gaske mai matata ba ƙyallen korona ba, a shimfiɗa leda a ƙasa a tattara ɓarɓashin kar ya koma kogi, a kori yara daga wajen duk da na san bakin ruwa ba a raba shi da yara, kuma kayan aikin kar a shiga da su ɗaki. Masu ƙona tsohon fenti da wuta su ma su sani hayaƙin ya fi ƙurar illa, ga katakon da ya sha fetur.

Sanfefa lamba-lamba ce, ƙaramar lamba ita ce mai kaushi. Lamba 60 ko 80 don sauke tsohon fenti, 120 don daidaita katako kafin shimfiɗa, 180 zuwa 220 tsakanin shafa da shafa. Ka bi tsawon katako kar ka gicciye. Inda tsohon fenti ya haɗu da tsiraran katako ka goge bakin ya kwanta yadda in ka shafa hannu ba za ka ji tudu ba, in ba haka ba sabon fenti zai nuna shatin kamar taswira.

Haɗin alluna kuma aikin masu toshiya ne, a zaƙulo tsohuwar audugar da ta ruɓe a dandaƙa sabuwa da kurfi da guduma, ba da ƙarfin tsiya ba, sannan a bi da kwalta ko foti mai laushi. Kar a sa abu mai ƙanƙara kamar filar masu gyaran bodin mota. Dalili, katakon da ya bushe zai kumbura in ya koma ruwa, haɗin zai matse, abu mai laushi sai ya ba da hanya ya ɗan tso waje, mai tauri kuwa ko ya fashe ko ya fasa bakin allon. Filar mota ma shan ruwa take yi, ba ta da wajen zama a ƙasan jirgi kowane iri ne.

Toh mu zo kan zaɓen fenti, wanda na san shi mutane suka fi son ji. Ka raba jirginka gida uku a ranka: ƙasan da ke cikin ruwa kullum, gefen da ke sama da ruwa yana shan rana, sai ciki inda ake takawa. Kuskurena na farko shi ne fenti ɗaya na yi wa duka ukun.

Emolshan na bango wanda ake sirkawa da ruwa, wannan ko a mafarki. Na ambace shi ne don na taɓa gani da idona.

Fentin mai, wanda a gwangwani za ka ga an rubuta alkid ko enamel, shi ne abokin jirgin katako daga inda ruwa ke tsayawa a jikinsa zuwa sama. Yana da ɗan laushi yana bin katako in ya motsa, yana da sauƙin shafawa da sauƙin faci, kuɗinsa da dama-dama. Na jirgi na asali ya fi na gini jure rana da ruwa, amma gaskiya in aljihu bai kai ba gilos mai kyau na kamfanin da aka sani zai yi maka shekara ɗaya zuwa biyu a sama in shimfiɗar ta yi kyau. Abin da ba zai iya ba shi ne zama cikin ruwa dare da rana, nan ne yake kumbura.

Ƙasan jirgin katako a ruwan daɗi irin namu na Neja ko Binuwai ko Tafkin Chadi ko dam ɗin Tiga, zaɓi biyu ne a gabanka. Ko fentin kwalta, baƙin nan na gwangwani da ake shafawa da buroshi, shafa biyu zuwa uku, araha ne kuma iyayenmu da shi suka rayu, aibinsa yana laushi in rana ta buge shi kuma in ka fara shi ka aure shi. Ko kuma shimfiɗar ƙarƙashin ruwa ta musamman, irin Primocon na kamfanin International, su Jotun na ƙasar Norwe da Hempel na Denmak duk suna da irin nasu, sai dai ba a kowace kasuwa ake samu ba, yawanci sai an aiko daga Legas ko Fatakwal inda harkar manyan jirage take. In za ka aika a sayo maka ka ce a haɗo da takardar bayanin fentin, ko ka nemo ta a intanet da sunan da ke jikin gwangwanin, a ciki za ka ga irin tinar da yake so da awannin da za a jira da murabba'in mita nawa lita ke rufewa. A duba ranar da aka yi shi da hatimin murfi, jabu sun yi yawa, kuma gwangwanin da ka ɗaga ka ji ba nauyi ka san an sirka.

Sai ifoksi, mai gwangwani biyu, fenti da hadina wato sinadarin da ke sa shi ƙanƙara, in an haɗa su sai su daskare kamar dutse. Ba abin da ya kai shi tare ruwa, shi ne sarki a jirgin ƙarfe da na faiba da na filawud. Amma ni ban ba da shawarar a lulluɓe tsohon jirgin alluna da shi ba ko da kana da kuɗin, domin alluna motsi suke, shi kuma ba ya motsi, zai tsage a kan haɗi, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita, katako ya yi ta ruɓewa a ɓoye kai kana ganin waje lafiya lau. Wani halinsa kuma ba ya son rana, in ba a rufe shi da wani fenti ba sai ya yi gari-gari kamar alli. Shi ya sa a saman ruwa ake bin sa da foliyuretan mai haɗi biyu, wanda shi ne mai ƙyallin nan kamar sabuwar mota kuma yana shekaru bai koɗe ba. Wannan ɗin da buroshi ko rola za ka shafa, feshinsa guba ne mai lalata huhu, sai masu kayan numfashi na musamman. Wajen haɗi a auna daidai yadda aka rubuta, in an ce huɗu da ɗaya to huɗu da ɗaya, ƙara hadina ba ya sa shi saurin bushewa sai dai ya ɓata shi. Kuma a zafinmu ka haɗa kaɗan-kaɗan, lokacin da aka rubuta a gwangwani na ƙasar sanyi ne, kusan duk ƙarin digiri 10 na zafi yana rage shi da rabi, kana waya ka waiwayo ka tarar ya daskare da buroshin a ciki. Ya taɓa cin min rola biyu.

Akwai kuma wanda ake ce wa antifaulin, fentin da ke ɗauke da sinadarin tagulla yana sakinsa a hankali don hana halittun ruwa mannewa. Wannan maganar ruwan gishiri ce. 'Yan'uwanmu da ke aiki da jirage a Legas ko Kalaba ko Tema ta Gana ko Fot Sudan, su dole ne, domin can akwai ƙananan katantanwa masu mannewa su yi wa jirgi kaushi ya riƙa shan mai, ga tsutsar teku da ke huda katako ta mayar da shi kamar saƙar zuma daga ciki. Mu a kogi ba mu da su, gansakuka ce kawai, buroshi ya ishe ta in ana janyo jirgi lokaci-lokaci, saboda haka kar wani ya tsorata ka ka kashe kuɗin buhunan shinkafa a kan abin da ba ka buƙata. Mai buƙatarsa ya kiyaye abu biyu. Tsohon nau'in nan mai sinadarin TBT an haramta shi a duniya, yarjejeniyar Hukumar Kula da Sufurin Teku ta Duniya a kansa ta fara aiki tun 2008 saboda ɓarnar da ya yi wa halittun ruwa, in an kawo maka tsohon kaya mai araha ka karanta jikinsa. Na biyu, mai tagulla ba ya haɗuwa da alminiyom, cinye shi yake har ya huje, wannan ya haɗa da ƙafar injinka da ke cikin ruwa, akwai nau'in da aka yi musamman don alminiyom.

Masu jirgin faiba, naku da sauƙi amma akwai tarko ɗaya: ku fara wanke jikin da tina ko abin cire kakin da ke kansa kafin ku sa sanfefa, in kuka fara gogewa kun tura kakin cikin ƙananan ƙofofin jikin kenan fenti ya ƙi kamawa. In kun ga ƙuraje a ƙasan, ku fasa ɗaya a hankali da tabarau a ido, in ruwa mai warin tsami ya fito to ruwa ya ratsa fatar, sai a buɗe su duka a wanke da ruwa mai tsabta a bar shi makonni ya bushe, a cike da filar ifoksi sannan shimfiɗar ifoksi shafa uku zuwa biyar. Masu na ƙarfe kuma maganarku tsatsa ce, a kankare har ƙarfe ya yi haske musamman kan layin walda, kuma a shafa shimfiɗa a ranar, in ya kwana tsirara a bakin ruwa da safe za ka ga ya yi ja kamar ba a yi ba. Ɗan dunƙulen ƙarfen nan da ke maƙale a ƙafar inji ko ƙasan jirgi wanda ke zaizayewa, kar a shafe shi da fenti, aikinsa kenan ya ci kansa don ya ceci sauran.

Lissafin yawan fenti ba wuya. Mu ɗauki jirgi mai tsawon mita 12, faɗi mita 2, tsayin gefe mita 1. Ƙasa zai ba ka wajen murabba'in mita 20 tunda kai da baya a tsuke suke, gefe biyu 24, waje kaɗai 44 kenan. Fentin mai lita ɗaya na rufe wajen murabba'in mita 10, ka ga shafa ɗaya ta haura galan ɗaya mai lita 4 da kaɗan. Ciki ma kusan haka har da ƙari saboda haƙarƙari da benci. Busasshen tsohon katako kuma shafar farko sha yake kamar raƙumi, ka ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kan lissafinka.

Shafar farko a tsiraran katako a sirka shimfiɗar da tina kamar kashi 10 zuwa 20 don ta nutse cikin katakon, a cusa ta da buroshi sosai a bakin alluna da ramukan kusoshi. Tinar da kamfanin ya ce, ba fetur ba. Na san kowa fetur yake sawa don yana kusa, amma yana tashi da wuri ya bar fenti ba ƙyalli ba ƙarfi, ga haɗarin wuta ga mai sigari a gefe. Kananzir kuma jinkirta bushewa yake ya bar maiƙo. Bayan ta farko sai shimfiɗa ta biyu ba sirki, sai andakot wato fentin tsakiya, sai fentin sama sau biyu. Kowace shafa siririya, biyu sirara sun fi ɗaya mai kauri nesa ba kusa ba, mai kaurin samanta ne ke bushewa cikin ya zauna ɗanye sati guda yana zuba hawaye. Tsakanin shafa da shafa a fentin mai a ba shi kwana ɗaya, a ɗan bi da sanfefa 220 a share ƙura da tsumma mai ɗan danshin tina. In ku biyu ne ɗaya ya riƙa shimfiɗawa da rola ɗaya na binsa da bakin buroshi yana kwantar da kumfar, aiki na sauri kuma ya fito sumul. Tsumman da suka sha fenti da mai kar a dunƙule su a kwali, a baza su su bushe ko a tsoma a bokitin ruwa, suna iya kama wuta da kansu.

Inda ake takawa a ciki, gilos in ya jiƙe santsi ne da shi kamar kuɓewa, tsofaffi da mata masu goyo ne ke shan faɗuwa. Ka tankaɗe yashin kogi mai laushi ka wanke ka shanya ya bushe ƙarau, ka barbaɗa a kan ɗanyar shafa, gobe ka share wanda bai kama ba ka bi da shafa ɗaya a kai. Launi kuma ra'ayi ne, kowa da abin da yake so ya rubuta a gefen jirginsa, amma baƙi da shuɗi mai duhu zafi suke ja su buɗe haɗin katako, fari ko ruwan toka mai haske ko ruwan ƙwai sun fi sanyi kuma an fi hango su da almuru.

Tunda fenti na hannunka ka ja layi ɗaya ja mai faɗin yatsa huɗu a gefen jirgi daidai iyakar inda ruwa ya kamata ya tsaya in an yi lodi, ka zauna da kafintan da ya san jirgin ko tsofaffin matuƙa ku tsayar da wajen, a daidaita shi da tiyon ruwa irin na magina sannan a manna salatif sama da ƙasa a shafa. Ranar kasuwa in ana ta roƙonka Alhaji buhu ɗaya ne kawai, Malam babur ɗaya ne kawai, sai ka nuna musu layin, ya fi ka yi ta musu da baki.

In an gama kar a yi gaggawar turawa ruwa don ka taɓa ka ji ya bushe, bushewar sama daban ƙanƙara daban, a ba shi sati guda, antifaulin ne kawai ke da nasa lokacin da aka rubuta a gwangwani. Ranar mayarwa a mirgina shi a kan gungume ko tayoyi kar a ja shi a kan tsakuwa. Zai yi yoyo a kwana biyu ukun farko, wannan ba abin tashin hankali ba ne, katako ne ke shan ruwa yana kumbura, a ɗaure shi a inda ba zurfi a riƙa kwarfewa, ba fasinja ba kaya ba inji. In bayan kwana huɗu ko biyar akwai inda har yanzu ruwa ke tsattsafowa ka yi masa alama da alli a sake fito da shi a duba toshiyar wajen. Ragowar fentin kuma ka rufe murfin da kyau ka rubuta sunansa da ranar da aka shafa a jikin gwangwanin ka ajiye a inuwa, duk inda dutse ko kututture ya ƙwarzane ka bari wajen ya bushe ka goge ka taɓa masa a satin, kafin ruwa ya samu ƙofar shiga ƙarƙashin sauran.